Ya halatta a sa wa mawaƙin da ya rasu sabuwar waƙa a baki?

Nura Mai Situdiyo
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Shawara nake nema, kuma zan so manyanmu su sa baki. Wani alhaji ne ya aiko min yaronsa. Za a yi wa mahaifin alhajin naɗin sarauta bayan sallah, yana so in haɗa masa waƙa da muryar marigayi Alhaji Mamman Shata, a ambaci sunan tsohon da sarautar da garinsu. Wai tun yana saurayi tsohon yake burin Shata ya yi masa waƙa, Allah bai nufa ba. Kuɗin da aka ambata masu kauri ne, kuma da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da muke da su yanzu aikin ba zai gagare ni ba. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ku taya ni dubawa.

Sadiq Kwamfuta
Wa alaikumus salam. Yaya Nura, ni ban ga abin tsayawa ba. Duniya ta wuce wurin nan. A Nuwambar 2023 ƙungiyar mawaƙa ta Beatles ta Ingila ta fitar da sabuwar waƙa da muryar John Lennon, mutumin da aka harbe tun Disambar 1980. Har lambar yabo ta Grammy suka ci da ita a 2025. In su za su girmama nasu da fasaha, mu me zai sa mu bar namu su shuɗe? Ɗa ne yake son faranta ran ubansa. Ka karɓi aikinka.

Nura Mai Situdiyo
Sadiq, wannan na san labarinsa, kuma ba iri ɗaya ba ne da abin da aka ce in yi. Lennon da bakinsa ya rera waccan waƙar a gidansa, ya ɗauka a kaset, yana buga fiyano. A 1994 matarsa ta ba abokansa kaset ɗin. Suka gwada gyara shi suka haƙura, saboda ƙarar fiyanon ta danne muryar, ga kuma gurnanin wutar lantarki. Sai daga baya aka samu na'urar da ta iya zare muryar ita kaɗai daga cikin hayaniyar. Wanke ta aka yi, ba a ƙara masa kalma ko ɗaya da bai furta ba.

Abin da ni zan yi kuwa ga shi. Zan tara tsofaffin waƙoƙin Shata, in cire kalangu da 'yan amshi, in bar muryarsa zalla, in ba na'ura ta koyi amonta. Sai in rubuta baitoci, in kira wani yaro da ya iya kwaikwayonsa ya shiga ɗaki ya rera. Na'ura ta ɗauki abin da yaron ya rera ta lulluɓe shi da amon Shata. Numfashin na yaron ne, kalmomin nawa ne, amma duk wanda ya ji zai rantse Shata ne.

Hajiya Binta Kaduna
Subhanallah. Ashe haka ake yi. Tsigar jikina ta tashi wallahi.

Malam Sabi'u Funtua
Nura, yarona, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Ni na ga Shata da idona a wajen wasa ba sau ɗaya ba, kuma zan gaya maka abin da yake damun zuciyarka ko da ba ka iya sa masa suna ba.

Waƙar yabo a ƙasar Hausa shaida ce. Idan mawaƙi ya tsaya gaban jama'a ya ce wane ɗan wane mai kyauta ne, ko jarumi ne, ko ya riƙe talakawa, to ya sa sunansa ne a kan maganar. Ba na cewa duk abin da mawaƙa suka faɗa gaskiya ne. Mun san akwai kyauta a ciki, akwai riga da doki da mota. Amma shi ne ya zaɓa. Shata ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai, ya yi wa direbobi da mata da 'yan kasuwa, kuma akwai masu kuɗin da suka so ya yi musu bai yi ba har ya koma ga Allah a 1999. Darajar waƙar tasa daga nan take. Shi ya sa har gobe za ka ji mutum yana cewa kakana Shata ya yi masa waƙa, kana jin alfahari a muryarsa.

To yanzu ka duba abin da alhajin nan yake son saya. Ba daɗin murya yake nema ba, don masu daɗin murya sun cika Kano. So yake jama'a su ji Shata ya yabi ubansa. Wato shaidar da mai ita bai bayar ba yana raye, ita za a karɓa daga bakinsa yana kabari. Kuma ba Shata kaɗai za a cuta ba. Duk gidan da ya yi wa waƙa da gaske an rage musu wani abu, domin in kowa zai iya saye, tasu ta zama ba komai.

Wani abu kuma. Shata ba ya zama ya rubuta waƙa. A tsaye take zuwa masa, yana kallon mutum, makaɗa suna binsa. Sai ka ga ya ɗan dakata, ya juya ya kalli masu kalangu, su sassauta, sannan ya jefo baitin da zai sa fili ya ɗauki sowa. Na'urarka za ta kawo amo, ba za ta kawo wannan ba.

Sadiq Kwamfuta
Baba Malam, Allah ya ƙara girma, na ji. Amma ai kowa a wajen naɗin ya san Shata ya rasu. Wa za a yaudara? Tsohon da kansa ya san ba gaske ba ne.

Hajiya Binta Kaduna
Sadiq, ranar naɗin kowa ya sani. Bayan shekara goma fa? Jikokinsa za su ce Shata ya yi wa kakanmu waƙa, ga ta ma a waya. Yaran da aka haifa bayan 1999 ta ina za su bambance? Ni kaina ba duk waƙoƙinsa na sani ba, suna da yawan da ba wanda zai ce ya haddace su.

Sadiq Kwamfuta
Sai a sa sanarwa a farkon waƙar, a ce wannan aikin na'ura ne. Shi ke nan an fita haƙƙi.

Nura Mai Situdiyo
Sanarwar ba ta kwana. Mu da muke wannan sana'a mun sani. Ka fitar da waƙa da sunanka da tambarinka a gaba, kafin gari ya waye wani ya yanke daƙiƙa talatin daga tsakiya ya ɗora a TikTok, wani ya kwafa ya tura WhatsApp, masu tura waƙa a kasuwa su zuba wa mutane a memori cikin jakar waƙoƙin Shata. Daga nan ta shige cikin na gaske, ba mai iya tsamo ta.

Kabiru Zariya
Ku yabo kawai kuke kallo. Ni zambo ne yake ba ni tsoro. A Afrilun 2024 mawaƙin nan Drake suna rigima da Kendrick Lamar, sai ya fitar da waƙa da muryar mawaƙi Tupac, wanda aka kashe tun 1996, yana yi wa abokin rigimar tasa gugar zana da bakin mamaci. Lauyan magadan Tupac ya ba shi wa'adin awa 24 ya sauke ko a haɗu a kotu, dole ya sauke. Can akwai lauya da kuɗin shari'a. Mu nan fa? Zaɓe na tafe. Ku ƙaddara an wayi gari ana jin muryar Ɗanƙwairo yana yi wa wani ɗan takara kirari, ko Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa yana yi wa wani habaici. Mutanen karkara da suka tashi da jin waɗannan muryoyi a rediyo, suka yarda da su, me kuke tsammani za su ɗauka? In aka buɗe ƙofar don naɗin sarauta, 'yan siyasa ne za su fara kutsowa.

Malam Auwal Mai Almajirai
Bismillah. Zan ajiye maganar hukuncin kiɗa a gefe, domin malamai sun yi ta, kowa ya san inda ya tsaya. Ko wanda yake ganin waƙa halal ce tsantsa, akwai abin da zai tsayar da shi a nan, wato jingina wa mutum maganar da bai faɗa ba. Wannan ƙarya ce ko da rai ko babu rai, kuma ta mamaci ta fi muni don ba zai tashi ya ce ban faɗa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, ya ce sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Ya kuma ce idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. An rufe littafin bawan Allah, mu ne za mu zo muna ƙara masa shafi a idon jama'a?

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ba a rubuta wa mamaci zunubin abin da wani ya ƙaga masa, babu rai da ke ɗaukar nauyin wani. Nauyin yana kan wanda ya ƙaga da wanda ya biya. Amma mutuncinsa a bakin mutane yana nan, kuma amana ce a hannun masu rai. Sannan ba mu san da wace niyya kowane mawaƙi ya cika ba. Wani a ƙarshen rayuwarsa ya so a ce wasu baitocin bai yi su ba. Wanda yake fatan a rage masa, ka zo ka ƙara masa?

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba mawaƙa ba ne. Na'urar da za ta koyi muryar Shata ita ce za ta koyi muryar Sheikh Abubakar Gumi ko Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, waɗanda karatunsu ya cika wayoyin mutane. Ranar da aka sa wa ɗayansu fatawar da bai bayar ba, ko kafirta wani da bai kafirta ba, jini zai iya zuba a kai.

Maman Hanan
Allah ya gafarta Malam, na yarda da kai kan malamai, wannan babu ja. Amma ina so in faɗi wani ɓangare da ba a taɓo ba. A Japan akwai wata mawaƙiya Misora Hibari da ta rasu a 1989. A 2019 gidan talabijin na NHK ya sa aka haɗa sabuwar waƙa da muryarta, aka nuna a shirin ƙarshen shekara. Tsofaffi suka yi ta kuka. Wasu sun ce cin mutunci ne, amma waɗanda suka yi kukan fa? Mahaifiyata tana son Barmani Choge kamar me. Tun da Barmani ta rasu a 2013, in an sa amada a biki sai ta ce ba kamar da ba. In da wani abu zai sa ta ji muryar nan sabuwa ta yi murmushi, ni ban san ta yadda zan ce masa haram ba.

Hajiya Binta Kaduna
Maman Hanan, 'yar uwa, na ji ki har cikin raina. Amma ki tambayi Hajiya, Barmani take kewa ko amon muryarta? In kin sa mata tsohon kaset, Barmani ce da ƙwaryarta da matan da suke mata amshi, ranar da ta yi shi tana da rai, tana dariya. In kin sa mata na na'ura, wata yarinya ce a situdiyo. Ni in uwata ce, na fi son in nemo mata na gasken in sa a wanke shi ya fito tas.

Jikan Makaɗi
Ina ta karantawa ina shiru, amma bari in yi magana tunda abin ya shafi gidanmu. Kakana makaɗin kotso ne, ya bi wani babban mawaƙin fada shekara da shekaru. Ba zan faɗi suna ba. Har yau ana sa waƙoƙin a rediyo, ana sayar da su a kasuwa, suna kan YouTube mutane suna cin kuɗin talla da su. Ko sisi bai taɓa shigowa gidanmu ba. Kakata ta rasu a ɗakin da yake yoyo. Yanzu kuna ta maganar mutunci. Ina mutuncin yake lokacin da ake kwafar kaset ana sayarwa a tasha?

Ku duba abin da A. R. Rahman ya yi a Indiya a 2024. Ya yi amfani da muryoyin mawaƙa biyu da suka rasu, Bamba Bakya da Shahul Hameed, a waƙar wani fim. Ya je ya nemi izinin iyalansu, ya biya su, ya fito ya faɗa wa duniya. In Nura zai je gidan mawaƙi ya yi sallama, ya zauna da magada, su yarda, ya ba su rabonsu, ni ban ga wanda yake da bakin hanawa ba. Waɗanda ba su taɓa tambayar yadda marayun mawaƙa suke ci ba, ba su ne za su hana su abincin da ya zo ƙofarsu ba.

Malam Sabi'u Funtua
Jikan Makaɗi, maganarka ta yi min nauyi, kuma gaskiya ce. An ci haƙƙinku, mu masu saurare muna cikin waɗanda suka ci. Allah ya jiƙan kakanninka.

Barista Hauwa
Bari in shigo ta ɓangaren doka, sannan in faɗi ra'ayina.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ke nan waƙoƙin Shata suna da kariya har 2069, na Ɗan Maraya da ya rasu a 2015 har 2085. Abin da dokar ta kare shi ne waƙar da kuma ɗaukar da aka yi mata. Amon murya shi kaɗai wani abu ne daban, kuma nan ne giɓin yake a ƙasashe da yawa. Shi ya sa jihar Tennessee ta Amurka ta yi doka ta musamman a 2024, ta sa murya cikin abubuwan da mutum ya mallaka, har da wadda aka kwaikwaya da na'ura. Amma Nura, kada ka ce giɓin ya kare ka. Ba za ka koya wa na'ura muryar ba sai ka kwafi waƙoƙinsa ka sarrafa su, kuma ta wannan ƙofar magada za su iya kama ka. A Indiyar da aka ambata ma, ɗan marigayi mawaƙi S. P. Balasubrahmanyam, wanda ya rasu a 2020, ya aika wa masu wani fim takardar lauya a 2024 don sun yi amfani da muryar mahaifinsa ba izini.

To Jikan Makaɗi, izinin iyali wajibi ne, ban musa ba. Tambayata ita ce ko ya wadatar. A Brazil a 2023 kamfanin Volkswagen ya yi talla, ya dawo da mawaƙiya Elis Regina da ta rasu a 1982, tana tuƙa mota tana waƙa tare da 'yarta Maria Rita. Iyali sun yarda, 'yar ma da kanta ta fito. Hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace ta bincika ta rufe maganar. Duk da haka mutane da yawa ba su huce ba, saboda muryar Elis tana cikin muryoyin da masu adawa da mulkin soja suka riƙe, shi kuwa kamfanin a 2020 ya amince ya biya diyya kan haɗa kai da wannan mulkin a kan ma'aikatansa. Da tana raye za ta yi musu talla? Ba wanda zai iya rantsuwa, har 'yarta.

Magada suna gadon dukiya. Gida, gona, kuɗin da waƙa take kawowa, duk nasu ne, a raba musu yadda shari'a ta ce. Amma ɗa ba ya gadon harshen ubansa har ya riƙa ba da shaida da sunansa. Kuma a aikace, gidan da ke da mata da 'ya'ya da yawa, wa zai sa hannu? In babban ɗa ya karɓi kuɗin ɗan takarar wannan jam'iyya, ƙaninsa ya karɓi na waccan, sai a ji uba ɗaya yana yabon mutum da safe yana yi masa zambo da yamma.

Jikan Makaɗi
Barista, ranki ya daɗe, misalinki na ƙarshe zai iya faruwa, ban ƙi ba. Amma ki lura, ko a maganarki magadan mawaƙi kawai kika ambata. Makaɗa da 'yan amshi fa? Waƙar fada ba mutum ɗaya yake yin ta ba. Nura ya ce abu na farko da zai yi shi ne ya cire kalangu da 'yan amshi ya zubar. Haka aka saba yi mana tun kafin na'ura.

Sadiq Kwamfuta
Ina da tambaya ga Baba Malam. Ai tun da can akwai masu kwaikwayo. 'Ya'yan mawaƙa da jikokinsu suna hawa fage su yi waƙoƙin iyayensu, har su ƙara sunayen mutanen yau a ciki, a yi musu liƙi. Ba wanda ya ce sun yi wa mamaci ƙarya. Mene ne bambancin?

Malam Sabi'u Funtua
Bambancin kana ganinsa da idonka, Sadiq. Ɗan yana tsaye a gabanka, da fuskarsa da sunansa. In ya yabi wanda bai cancanta ba, shi za a kama. In ya yi wa wani zambo, shi za a nema. Ya ɗauki gadon, ya ɗauki nauyinsa. Kuma yana ƙara wa sana'ar rai, don dole ya koyi kiɗan, ya riƙe makaɗa, ya ciyar da su. Yaron da Nura zai sa a ɗaki ba wanda zai san sunansa, in magana ta ɓaci kuma a kan mamaci za ta faɗa. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ni zan ƙara da cewa a bakin mai ita ake tambayar ta.

Isufu Maraɗi
Gaisuwa daga Nijar. A Masar an yi irin wannan cacar baki a kan mawaƙiya Ummu Kulsum, wadda ta rasu a 1975. A 2019 an nuna ta a Al-Ula ta Saudiyya da hoton haske mai kama da mutum a tsaye, tana rera tsofaffin waƙoƙinta da muryarta ta ainihi, mutane suka biya suka kalla. Amma a 2023 da mai haɗa kiɗa Amr Mostafa ya fitar da guntun sabuwar waƙa da muryarta ta na'ura, sai ƙasar ta ɗauki zafi, mai kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙinta ya yi barazanar zuwa kotu. Kun ga mutane da kansu sun san inda iyakar take ba tare da an koya musu ba. Su sake ganin abin da ta yi, sun yarda. A sa ta faɗi sabo, sun ƙi.

Hajiya Binta Kaduna
Ni fa akwai abin da yake ci min rai tun ɗazu. Masu kalangu da kotso da gurmi ba su ƙare ba, suna nan da ransu, wasu ko abin cefane ba su da shi. Alhajin nan da zai kashe wannan kuɗi, me zai hana ya kira mawaƙi mai rai ya je ya ga tsohon, ya ji tarihinsa daga bakin tsaransa, ya yi masa tasa ta kansa? In matattu suka dawo suna karɓar aikin biki da naɗi, yaron da yake koyon kalangu yau wa zai gayyace shi? Mamaci ba ya gajiya, ba ya neman kuɗin mota, ba ya cewa a'a. Ba mai rai da zai iya gasa da shi.

Nura Mai Situdiyo
Hajiya, wannan shawarar ita zan kai masa. Na san wani dattijo mai kalangu da har yanzu muryarsa tana nan daram. In alhaji ya yarda zan ɗauke su kai tsaye, da makaɗansa da 'yan amshinsa, a wajen naɗin. In ya ce lallai sai muryar Shata, to ya nemi wani. Na san zai samu, wannan ne ma abin baƙin cikin.

Sadiq Kwamfuta
To ai ka faɗa da bakinka, Yaya Nura. Wani zai yi, kuma zai yi shi ba tare da ya tambayi kowa ba. Ni har yanzu ina ganin gara masu tsoron Allah su shiga su kafa ƙa'ida, da a bar fagen ga marasa kunya. Amma ga abin da nake ganin duk za mu haɗu a kai. Irin aikin da aka yi wa kaset ɗin Lennon, mu ne muka fi kowa buƙatarsa. Muryoyin Narambaɗa da Ɗan Anace da Haruna Uji da Ali Makaho, da yawa a tsofaffin faya-fayai da kaset suke, wasu ba ka jin rabin baitin saboda ƙara. Gidan rediyon tarayya na Kaduna ya ɗauki mawaƙa da yawa tun shekarun baya. Zaren kaset ba ya jiran kowa, zafi da damina suna cinye shi. Me ya hana jami'o'inmu su haɗa kai da gidajen rediyo a kwafe su, a wanke, a rubuta baitocin?

Isufu Maraɗi
Haka ma gidan rediyon Muryar Sahel a Yamai, irin su Ɗan Gurmu na Tawa. Wannan aikin ko gobe aka fara ina ciki.

Kabiru Zariya
Ina goyon baya, amma ku sani, muryar da aka wanke ta fita tas ita ce ainihin abin da mai kwaikwayo yake nema ya ba na'urarsa. Yau ƙarar kaset tana ɗan kare su. Ranar da muka wanke muka zuba a intanet kyauta, mun sauƙaƙa wa mai ƙage aikinsa. Ba cewa nake kada a yi ba. Cewa nake a yi shi tare da cikakken jerin waƙoƙin kowane mawaƙi, da inda aka ɗauka da wanda aka yi wa, ta yadda in wata ta ɓullo daga sama za a ce ba ta cikin lissafi.

Barista Hauwa
Kabiru ya kawo magana mai amfani. Ni kuma kirana ga mawaƙan da suke raye ne, na gargajiya da na zamani, har da masu wa'azi. Ku rubuta a wasiyya abin da kuka yarda a yi da muryarku da wanda ba ku yarda ba, ku sa shaidu. Ɗan wasan Amurka Robin Williams, da ya rasu a 2014, ya bar takarda da ta taƙaita amfani da sunansa da kamanninsa na shekara 25 bayan mutuwarsa. Waɗanda suka riga mu ba a tambaye su ba, shi ya sa nake ganin shirunsu a ɗauke shi a matsayin a'a. Ku kuwa ana iya tambayarku yanzu.

Jikan Makaɗi
Na ji duka. Kun ce kada a sa musu sabuwar magana, na bi ku, ko don abin da Barista ta faɗa kan 'yan siyasa. Amma yanzu kun koma kan wanke tsofaffin, har ana cewa a zuba a intanet, kuma ba wanda ya ce ga rabon gidajen da suka fito. In jami'a da gidan rediyo za su zauna kan wannan aiki, a kira iyalan mawaƙa a teburin tun ranar farko, a kira na makaɗa da na 'yan amshi, a rubuta sunan kowa da abin da ya kaɗa. Sunan kakana ba ya kan kaset ko ɗaya, alhali hannunsa ne kuke ji a ƙarƙashin muryar da kuke ta kare wa mutunci. Barista, in an tashi rubuta takardar, ina so a fara da wannan.